Safiyar Da Bai Jira Ta Yi Ɗumi Ba

Ya sani ne, ko bai sani ba? Tun ranar da aka shigo min da hularsa da makullin motarsa, da wannan tambaya nake kwana, da ita nake tashi. Na aika an yi wa malamai ita, sun ce gaibu na Allah ne, kuma gaskiya suka faɗa. Amma zuciya ba ta jin karatu. Takan yi shiru da rana, da asuba ta sake tambaya.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yar autata ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana sawa a takarda, ina cikin takaba a ɗakina a nan Gagarawa. Na ce mata kada ta gyara min magana, kada kuma ta sa sunansa. Bakina bai taɓa kama sunan nan ba tun da aka kawo ni gidan nan, ba kuwa zan fara yanzu ba. Duk wanda ya san tashar Gumel ko ta Maigatari, da laƙabinsa ya san shi: Sai-ta-yi-ɗumi.

Direba ne. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura fara 'yar Faransa, wadda ya saya a hannun wani mutumin Damagaram tun ɗanmu na fari yana rarrafe. Da ita ya yi ta jigilar gero da riɗi da awaki tsakanin nan da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar har gemunsa ya yi fari. A kangon bayan gida take kwana. Kowace safiya, bayan ya dawo daga masallaci, sai ya tayar da ita ya zauna a ciki yana saurarenta, ba ya sa mata giya sai ta yi ɗumi. Ko wa ke jira, ko mene ne ke ƙonewa.

Ya rasu ranar wata Alhamis, cikin tsakiyar sanyin bana. An same shi a kan hanyar Gumel, ya gangara gefe ƙarƙashin wata tsamiya, ya kashe motar, ya zare makulli yana riƙe da shi. Bayan motar babu ko buhu ɗaya.

Da farko masu gaisuwa abin da aka saba suke faɗa. Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, Allah ya ba ki haƙuri. Kafin sadakar uku sai maganar ta koma wani waje. Maƙwabciyarmu mai ƙosai ce ta fara. Ta zauna nan bakin gadona tana sharar hawaye ta ce, "Ni fa da motarsa nake awon safiya. Yana tayarwa nake ɗora mai, kafin ya fita na kwashe zubin farko na miƙa masa ta katanga. Ran nan kuwa ina ɗora kasko na ji ya wuce. Man ko narkewa bai yi ba." Matar liman ta ce ita ma ta ji, har ta ce wa mijinta ko ɓarayi ne suka ɗauke motar. Haka aka yi ta yi, kowa da abin da ya ji, kuma duk abu ɗaya ne: mutumin da bai taɓa fita da mota da sanyinta ba, ran nan ya tayar ya tafi.

Sai ƙaninsa, wanda ke sayar da hatsi a Sule Tankarkar, ya shigo min gaisuwa. Tun yana saurayi muke wasa da shi, bakinsa ba ya da linzami. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Matar Yaya, sai haƙuri. Amma a faɗi gaskiya, Yaya ya fara ruɗewa. Mai hankalinsa da muka sani ba zai yi haka ba. Kunne ya tafi, ashe kai ma ya bi shi. Da an lura, da an ɓoye makullin nan."

Da an lura. Wa ke gidan, in ba ni ba?

Na bar shi ya tashi ya tafi. Amma maganar ta fita zaure, daga zaure ta tafi tasha. Har na ji wata jikata tana ce wa ƙawarta a tsakar gida wai kakansu ya manta yadda ake tuƙi shi ya sa ya mutu. A nan na ce a kira min auta ta zo da takarda. Mutuwa na karɓa, dole ce. Amma a binne min miji sau biyu, a ce ƙarshensa ruɗaɗɗen tsoho ne, wannan ban karɓa ba. Sai dai kuma ni kaina ba ni da amsa. Ina tsaye a wurin ya tafi, kuma na ga bai jira ba.

Bari in faɗi yadda jiran nan yake, don wanda bai sani ba ya gane nauyinsa.

Ke auta, ke ce a ciki ranar da ya fi ba ni haushi a duniya. Naƙuda ta yi tsawo, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, a tafi asibiti Gumel. Sanyi ne irin mai fasa leɓe. Aka shimfiɗa min tabarma a bayan mota, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta riƙe kaina. Ya tayar da mota. Ya zauna.

Mahaifiyata ta jira, ta jira, sannan ta manta da kunyar suruki ta buga rufin motar da tafin hannu. "Malam! Yarinyar nan mutuwa za ta yi!"

Ya leƙo ya ce, "Inna, sai ta yi ɗumi."

"Wa? 'Yata ko ƙarfen?"

Ya mayar da kai ciki ya ci gaba da sauraren motarsa. Ina jin komai, ina cizon bakin zane. Na rantse a raina in na tashi ba zan ƙara dafa masa ko ruwan alwala ba. Daga bakin mahaifiyata laƙabin ya fito, domin ta ba kowa labarin, har ta koma ga Allah ba ta daina ba.

Mun isa, an haife ki lafiya. Ni kuwa na yi arba'in ban yi masa magana ba sai ta dole. Ranar da na gama wankan jego sai ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce, "Fito ki ga wadda ta haɗa mu faɗa." Na ce ba ni da abin gani. Ya ce, "Ai ba a yanke wa mutum hukunci ba a ga fuskarsa ba." Dariya ta so kama ni, na danne, na bi shi.

Ya ɗaga bonet. Ni dai tarkace na gani, baƙi-baƙi. Ya nuna min wani abu kamar tukunya mai murfi, da ɗan dogon baki a gefe.

"Wannan hancinta ne, ta nan take shan iska. Wannan na ƙarƙashinsa kuma kafireto, shi ne mai damu. Mota abu biyu take ci, iska da fetur, kuma ba ta cin ɗaya sai an dama shi da ɗaya. Iskar ce mai yawa. Fetur ɗan kaɗan ne, kamar gishiri a miya."

Na ce, "To me ya haɗa gishirinka da naƙudata?"

Ya ce in miƙo hannu. Ya ɗiga min fetur a bayan hannu, ya hura. Nan da nan ya bushe, wurin ya ɗauki sanyi.

"Kin ga ya tashi? Haka ake so ya yi a ciki. Idan ƙarfe da ɗuminsa, fetur tashi yake kamar turiri, ya bi iska su shiga tare, wuta ta kama. Idan ƙarfe ya kwana cikin sanyi, sai fetur ya lafe a jikin bututu kamar man shanu a jikin ludayi, iska ta wuce ita kaɗai. Wuta kuwa ba ta kama iska tsura."

Sai ya buɗe murfin tukunyar, ya nuna min wata 'yar ƙofa kamar marfin gwangwani a bakin kafireton. Ya ce in kalla. Ya zagaya ya ja wani ɗan maɓalli kusa da sitiyari, wanda suke kira cok, sai na ga 'yar ƙofar ta rufe. Ya tura, ta buɗe. Na ce ya sake. Ya sake. Wallahi na manta ina fushi.

"Idan na rufe mata ƙofar nan, sai ta zuƙa da ƙarfi ta rasa iska, sai ta jawo fetur da yawa. A cikin mai yawan ne ake samun ɗan abin da zai tashi ya kama."

"To ka bar ta a rufe mana, ka kama hanya."

"In na bar ta a rufe bayan ta fara ɗumi, sai ta sha ya yi mata yawa. Baƙin hayaƙi, fulogi mai ƙyasta wuta ya yi baƙi ƙirin, ta shaƙe ta mutu. In kuma na buɗe da wuri, ta yi tari ta mutu. Tsakanin mutuwar nan biyu nake zaune kowace safiya, ku kuna ce min mai nawa."

Ya rufe bonet, ya goge hannu, bai kalle ni ba ya ce, "Ran nan batirina ya yi rauni, tashi ɗaya ya rage masa. Ga rairayin nan na bayan gari, a lokacin babu kwalta. Da ta mutu a cikinsa, wa zai tura? Inna?" Sannan ya ƙara da cewa, "Wanda bai jira a gida ba, zai jira a daji. Amma ban taɓa jira mai tsawon wannan ba."

Ran nan na dafa masa dambu.

Daga nan na kamu da tambaya. Duk abin da na ji motar ta yi, sai na tambaye shi da daddare, shi kuwa yana jin daɗi, domin 'ya'yansa maza ba wanda ya gaji son abin. Na tambaye shi me ya sa yake zuba baƙin mai a gindin tukunyar iska. Ya ce tarko ne: iska ta shigo ta yi kwana, yashin da ta ɗebo ya fi ta nauyi, sai ya faɗa cikin man ya maƙale. Yakan juye min in gani, laka sosai a ƙasa. "Duk wannan da cikinta ya shiga. Yaran tasha cire tukunyar suke yi wai mota ta fi ƙara. Ƙara kam tana yi, ta shekara guda." Ranar da murfin tukunyar ya tsage, tasata ta jere ya ɗauke ba sallama, ya huda tsakiyarta ya ɗaure. Na nemi tasa har na zargi 'yan aike. Tana nan a kan motar har yau, furanninta ba su gama gogewa ba.

Dogon bakin nan na tukunyar kuwa juyawa yake. Idan sanyi ya shigo, sai ya karkata shi wajen bututun salansa, don ta riƙa shan iskar da ta gasu. Idan bazara ta zo ya mayar da shi gaba, domin wai iska mai zafi ba ta da auki, mota ta sha ba ta ƙoshi, sai ta yi kasala. Matan unguwa suka mai da abin kalanda. Sai ka ji an leƙo ana cewa, "Ya juya hanci kuwa? In fito da barguna?" Ban taɓa jin ya yi kuskure ba.

Wata shekara cikin marka, ana yayyafin nan da ba ya ɗaukewa, na ga ya juya hancin wajen zafi. Na ce yau kuma tsakiyar damina? Ya ce in zo. Ya bar ta tana aiki, ya kama yatsana ya ɗora a wuyan kafireton. Sanyi ƙalau, har da wani fari-fari a jiki. Na janye hannu na ce, "A'uzubillahi, ƙanƙara a Gagarawa?"

Ya yi ta dariya. "Randarki wa ke sanyaya ta? Ba gumin da take yi ba ne iska ke kwashewa? To shi ma fetur in zai tashi sai ya tafi da ɗumin wurin. Iskar marka kuma jiƙe take. Raɓar ta kwanta a maƙogwaron ta daskare, ta toshe shi." Ya nuna min wata 'yar tiyo da ke kawo ruwan zafi daga lagireto ta ƙarƙashin wuyan, ya ce aikinta ke nan, ta yi masa gashi kamar mai jego. Na daɗe ina juya wannan a raina, yadda wuta ke ci a ciki, ƙanƙara na kwance a bakin ƙofa, tsakaninsu bai fi taki ɗaya ba.

Sau ɗaya na ga motar ta rama. Wayar cok ta tsinke masa a Ɗanzomo, sai ya sa a murɗa makulli shi kuma ya rufe bakin kafireton da tafin hannu, yana leƙe. Ta yi atishawa da wuta. Ya dawo gida gemu rabi, gira babu. Na ce, "Sannu, wannan karon kam ta yi ɗumi." Sai da ya yi mako yana zagaye fuska da rawani, mutane na ce masa ko sarauta aka ba shi.

Ba wai ba ya jin tausayin masu jira ba ne. Tsofaffin mata masu zuwa kasuwa, yakan ce su jingina da bonet su ɗumama hannu, mai goyo kuma ya sa ta a gaba ya rufe gilashi. Idan wani ya cika mita, sai ya ce, "Sauri ya haifi nawa, ɗan'uwa. Ƙarfe ma yana da asubarsa."

Da shekaru suka ja, kunnensa ya yi nauyi. Shi kuwa duk aikin da kunne yake yinsa, domin allurar zafi ta motar ta daɗe da mutuwa. Na fara jin ta tana shaƙewa yana zaune bai tura cok ba, hayaƙi na shigowa har madafa. Wata safiya ya shigo ya zauna a bakin gado kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce, "Ba na jin ta."

Na ce, da ƙarfi yadda zai ji, "Ni ina ji."

Ai shekara da shekaru ina jin ta ta bayan katanga ina tuka tuwo ko ina dama koko. Na san lokacin da take tarin tsofaffi. Na san lokacin da muryarta ke hawa, tana gudu a tsaye kamar mai neman a sake ta. Na san kuma lokacin da za ta zauna lafiya, abin da yake kira silo. Tun daga ranar, kowace safiya nakan tsaya a wata 'yar kafa da ke jikin katangar kangon, da ludayi a hannu. Na ɗaga shi sama, ya bar cok a jaye. Na kwantar da shi, ya tura rabi. Na sauke, ya tura duka. Sai ya ɗaga min hannu ya tafi. Ba wanda ya sani, ko 'ya'yanmu. A tasha ana ta mamaki wai kurma ne amma motarsa kaɗai yake ji. Ya zo ya ba ni labari, muka yi ta dariya har da hawaye.

To wannan mutumin ne aka ce ya manta.

Bayan sadakar bakwai, amininsa ya zo daga Maigatari. Tsohon bakanike ne, tare suka yi yaran mota, kuma shi aka kira ya dawo da motar gida daga inda ta tsaya. Aka yi masa shimfiɗa a ƙofar ɗakina, ina bayan labule. Da muka gama gaisawa da kuka, sai ya ce, "Hajiya, ina da tambaya, in ba za ta dame ki ba. Ran nan kin ji tashin motar?"

Na ce na ji.

"Yaya ta yi?"

Ba wanda ya yi min wannan tambaya. Kowa cewa yake bai jira ba, ba wanda ya ce yaya ta yi. Na rufe ido na sake saurare. Na ce, "Murɗa ɗaya ta tashi. Ba ta yi tari ba. Ta zauna lumui, kamar wadda ta dawo daga tafiya." Tun ranar abin ke min kai-kawo, na ɗauka kunnena ne ni ma ya fara tafiya.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. To ba da sanyinta ta fita ba. Na tarar da cok a ture har ƙarshe. Na kwance fulogi, jajir suke, ba baƙi. Motar nan na san ta kamar tafin hannuna, in da sanyinta aka fizge ta ba cok, ko masallacin Juma'a ba za ta wuce ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ruwan lagireto. Nasa kullum ja ne saboda tsatsa. Wannan kuwa fari tas, kamar yanzu aka ɗebo daga rijiya. Wa ya canja mata ruwa?"

Na ce ban sani ba.

Surukata, matar babban ɗana, tana tsakar gida tana tankaɗe. Yarinya ce mai kunya, tun da aka kawo ta ba ta taɓa sa baki a maganata ba. Sai na ji rariya ta tsaya. Ta matso jikin taga ta ce a hankali, "Inna, ki gafarce ni. Ran nan ba ke kika dafa ruwa a babbar tukunya ba?"

Na ce, "Wace tukunya?"

"Ta wankan jego. Na fito na tarar da ita a kan murhu da sauran ɗumi, ba ruwa a ciki, itace ya ci sosai. Na ɗauka sirace kika yi saboda tarinki."

Na ce, "Ni kuwa na gan ta, na ɗauka ke kika yi wa yara ruwan wanka. Har na ce a raina yarinyar nan ba ta tausayin itace."

Kunya ta hana ta tambayata, kawaici ya hana ni tambayar ta, sannan mutuwa ta shigo ta rufe komai.

Sai na ji tsohon nan yana dariya yana kuka a lokaci ɗaya. Ya ce, "Kai, Sai-ta-yi-ɗumi! Dabarar direbobin hamada ce, a Damagaram muka gani muna yara. A kwance ƙasan lagireto a zubar da ruwan sanyi, a ɗura tafasasshe. Ya zagaya cikin injin, ya bi 'yar tiyon nan ya gasa wuyan kafireto. Kafin ka taɓa makulli ta riga ta yi ɗumi. Hajiya, wannan ba aikin ruɗaɗɗe ba ne. Sai mutum ya ɗebo ruwa, ya hura wuta, ya san wane noti zai kwance, ya san ya zuba a hankali kada ƙarfe ya tsage. Ya jira ta. Bai dai bari kun ji ba ne."

Na aika Sule Tankarkar a kira min ƙaninsa. Ya zo washegari a kan babur. Na sa surukata ta faɗa masa da bakinta, na sa aka kai shi kango aka nuna masa inda jan ruwan ya bushe a ƙasa. Ya dawo ya tsuguna inda ya tsuguna ran nan. 

Can ya ce, "Yaya a madafa? Yaya da ko shayi bai iya dafawa ba?"

Na ce, "Ashe ya iya. Wayo ya yi min shekara da shekaru."

Ya yi dariya, dariyar ta karye. Ya rufe fuska da hannun riga. Da ya samu kansa ya ce, "Matar Yaya, bakina ne ya kai maganar tasha, shi zai je ya ɗauko ta." An ce min ranar Alhamis ɗin da ta biyo ya je Maigatari ba da hatsi ba, ya bi rumfar direbobi ɗaya bayan ɗaya. Jikar nan tawa kuma na kira ta na zaunar da ita na ba ta labarin tun daga farko, kuma idan an gama rubutun nan ita za a fara karanta wa.

Sunansa ya dawo. Amma ni aka bari da abin da ya fi nauyi.

Me ya sa ya yi? A makon nan tari ya matsa min, ba na samun barci sai gab da asuba. Wataƙila abin ke nan kawai, bai so in fito cikin sanyi ba. Amma na yi tari a wasu shekarun, ban ga ya hura wuta ba. Kuma ina za shi ba kaya, bai bi ta tasha ba? Hanyar Gumel ita ce ta Maigatari, ita ce kuma ta asibiti. Ko ya ji wani abu a ƙirjinsa ne ya ɓoye, ya ce bari ya kai kansa ba tare da ya tayar da gida ba? In haka ne, mutum yana jin ciwon ajali ya tsaya jan ruwa a rijiya? Sai kuma in ce, shi kam zai yi. Wanda ya jira ina naƙuda, zai jira yana mutuwa. Na juya abin ta kowace fuska, kamar yadda yake juya fulogi a hasken rana, ban ga amsa ba.

Ga abin da na gani da idona, kuma ban faɗa wa kowa ba sai yau.

Ƙarar rufe bonet ce ta tashe ni. Na ga gari ya yi haske, na ce na makara. Na yafa bargo, na ɗauki ludayi, na fita ina tari. Na tsaya a kafar katanga. Yana cikin mota, wandonsa jiƙe har gwiwa, ban kawo komai a raina ba. Ya murɗa, ta tashi, ta zauna. Ni kuwa hannuna ya riga kunnena, na ɗaga ludayi sama kamar kullum.

Bai kalli ludayin ba. Ni ya kalla. Ya daɗe yana kallona, har na gyara lulluɓi don kunya, tsofai-tsofai da ni. Sannan ya buɗe ƙofa ya zuro kai. Ya yi magana da ƙarfi, yadda masu nauyin kunne ke yi. A lokacin haushi na ji, na ɗauka ya raina kunnena ne, na juya ban ko ce a dawo lafiya ba. Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya tarar da ɗumin rahama.

Auta, goge idonki ki rubuta shi yadda ya faɗa, kada ki ƙara ko harafi.

Ya ce, "Koma ɗaki ki rufa, uwar yara, tarin nan ba ya son sanyi. Jiran da kika yi da ni ya isa haka. Yau na ɗauke miki."